Birnin Sur na Finikiyawa: Masu Baƙaƙen da Aka Rasa Littattafansu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Bairut, babban birnin ƙasar Labanon, ya nufi kudu bisa hanyar da ta bi gaɓar Bahar Rum, bayan ya wuce Saida ya ratsa gonakin lemo da na ayaba, zai iske wani gari da ya miƙe cikin teku kamar hannu. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Larabawa suna kiran garin Sur, a wasu littattafai kuma ana rubuta shi Taya. Mai ziyara zai shiga ta cikin unguwanni masu benaye da kantuna, ya yi ta tafiya har tsohuwar tashar masunta, ba tare da ya san cewa ƙasar da ya taka ɗin nan a da can teku ce ba. Sur tsibiri ne a asalinsa, kuma ya shafe fiye da shekara dubu biyu yana tsibiri kafin yaƙi ya haɗe shi da tudu.

Abin da ke kai yawancin baƙi garin shi ne sunan Finikiyawa, watau mutanen nan masu jiragen ruwa da suka riƙe cinikin Bahar Rum tun kafin Girkawa da Rumawa su yi tashe. To amma in baƙo ya zaga kufan da ake nuna masa, kusan duk abin da zai gani ginin Rumawa ne da na waɗanda suka biyo bayansu. In kuma ya nemi littafin da mutanen Sur suka rubuta game da kansu, ko ɗaya ba zai samu ba, alhali kuwa daga baƙaƙensu ne rubutun boko da na ajami duka biyu suka samo asali. Wannan lacca za ta bi tarihin birnin, sa'an nan ta duba yadda aka yi haka ta faru. Shekarun da aka sa wa K.M. suna nufin kafin Miladiyya.

Dutse Cikin Teku

Kalmar Sur a harshen Finikiyawa tana nufin dutse, sunan kuwa ya dace da wurin. Tsibirin dutse ne tsagwaronsa, yana nesa da gaɓa da kimanin mita 800, ba shi da gona, ba shi da daji, ba shi da isasshen ruwan sha. Amfaninsa biyu ne: yana da wuyar ci da yaƙi, kuma yana da matsayar jirage biyu, ɗaya a arewa mai fuskantar Saida, ɗaya a kudu mai fuskantar Masar, ta yadda ko ta ina iska ta kaɗa jirgi zai sami mafaka.

Ɗaya daga cikin baƙin farko da suka bar labarin ziyararsu shi ne Hirodotas, masanin tarihin nan Bagirke, wanda ya je Sur wajen tsakiyar ƙarni na 5 K.M. don ya yi tambaya game da Melƙart, abin bautar birnin. Masu hidimar ɗakin bautar suka gaya masa cewa an gina shi tare da birnin shekara 2,300 kafin zuwansa, watau wajen 2750 K.M. ke nan. Tonon da Patricia Bikai ta yi a tsibirin cikin 1973 da 1974 ya nuna cewa mafi tsufan alamun zama a wurin sun yi kusa da wannan lokaci. Ashe mutanen suna riƙe da lissafin shekarunsu sosai.

Muryar Sur mafi tsufa da ta iso wannan zamani daga Masar ta fito. A 1887 aka tono wasu allunan yumɓu a Amarna, cikinsu har da wasiƙun da Abimilku, sarkin Sur, ya aika wa Fir'auna a ƙarni na 14 K.M. Kukan da yake yi shi ne sarkin Saida ya ƙwace Ushu, garin da ke kan tudu daura da tsibirin, saboda haka mutanensa ba su da ruwa, ba su da itace, ba su da ko wurin binne matattu. Wannan shi ne raunin Sur tun fil azal: duk wanda ya riƙe gaɓa ya riƙe maƙogwaronsa.

Birnin ya bunƙasa a ƙarni na 10 K.M., zamanin Sarki Hiram. Shi ne aka ce ya cike wani sashe na teku ya faɗaɗa tsibirin, ya haɗe shi da wani ƙarami da ke kusa, ya kuma sabunta ɗakunan bauta. Littattafan Bani Isra'ila sun ba da labarin amincin da ke tsakaninsa da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu: Hiram yana aikawa da itacen al'ul na duwatsun Labanon tare da magina da maƙera, ana biyansa da alkama da man zaitun kowace shekara. Watau birnin da ba shi da gona ya koyi sayen abincinsa da gwanintar hannun mutanensa.

Abin da Ya Arzuta Sur

Babbar hajar Sur ita ce rini mai launin shunayya, wanda ake samu daga wani irin dodon-koɗi na teku. Akan fasa ƙoƙonsa a ciro wani ɗan ƙullutu, a jiƙa da gishiri, a yi kwanaki ana dafawa a kan wuta mara ƙarfi, sa'an nan a tsoma ulu. A 1909 wani masanin kimiyya Bajamushe, Paul Friedländer, ya gwada aikin, ya fasa dodon-koɗi 12,000, abin da ya samu na tsantsar rinin giram 1.4 ne kacal. Binciken nasa ya nuna kuma cewa rinin ɗan'uwan shuni ne, irin wanda marinan Kano ke samu daga baba, illa dai yana ɗauke da ƙarin wani sinadari da ake kira buromin. Tsadarsa ta sa ya zama tufar sarakuna. A dokar ƙayyade farashi ta Sarkin Rum Diyokilishiyan, ta shekarar 301 Miladiyya, an sa kuɗin laba ɗaya ta siliki mai wannan rini dinari 150,000. Masanin ƙasa Istirabo ya rubuta cewa yawan marina ya sa zama a Sur ba daɗi saboda wari, amma shi ne ya arzuta shi, ya ce kuma gidajen birnin benaye ne masu hawa da yawa, domin tsibiri ba ya faɗaɗa sai dai a yi sama.

Baya ga rini, mutanen Sur sun yi fataucin katako da kayan hauren giwa da ƙwaryar tagulla da giya da mai. Neman azurfa da sauran ƙarafa ya kai su iyakar yammacin Bahar Rum. Suka zauna a Kitiyon ta tsibirin Kubrus, suka kafa Gadir a kudancin Sifen, wadda ita ce Kadis ta yau, kusa da ma'adinan azurfa. Mafi shahara cikin garuruwan da suka kafa ita ce Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu. Marubutan Girka sun ce an kafa ta a 814 K.M., a hannun Elissa, 'yar'uwar sarkin Sur, wadda ta gudu daga rikicin gidan sarauta. Sunan garin na asali, Ƙart-hadasht, ma'anarsa sabon birni. Ko bayan da Kartaj ta fi uwarta ƙarfi da dukiya, ba ta daina aika wakilai da baiko zuwa ɗakin Melƙart na Sur ba.

Sur da Manyan Dauloli

Dukiya ba ta rasa mai kwaɗayinta. Daga ƙarni na 9 K.M. sarakunan Assuriya suka riƙa karɓar gaisuwa daga Sur. A ƙofofin tagulla na Balawat, na zamanin Shalmanesar na III, an zana kwale-kwale suna ɗauko kaya daga tsibirin zuwa gaɓa. Wajen 730 K.M. Tiglat-Pilesar na III ya rubuta cewa ya karɓi awo 150 na zinariya daga sarkin Sur, kowane awo kuwa kimanin kilo 30 ne. A yarjejeniyar da Esarhaddon ya ƙulla da Sarki Ba'al wajen 675 K.M., an ajiye wani wakilin Assuriya a fadar Sur, aka kuma hana sarkin buɗe wasiƙar da aka aiko masa sai wakilin yana wurin. Wanda ya san aikin Razdan a zamanin mulkin mallaka ba zai ga wannan tsari baƙo ba. Dabarar Sur ita ce ta biya ta tsira, domin ta san manyan daulolin tudu suna bukatar jiragenta fiye da yadda suke bukatar kufanta.

Ba kullum dabarar ke ci ba. Bukhtanasar na Babila ya yi wa birnin ƙawanya har shekara 13, daga wajen 585 zuwa 573 K.M. Bai iya ƙetare ruwan ba, amma daga ƙarshe Sur ta miƙa wuya. A ƙarƙashin Farisa kuwa jiragen Finikiyawa ne ƙashin bayan rundunar ruwa ta daular. Hirodotas ya ce lokacin da Sarki Kambisis, bayan cin Masar a 525 K.M., ya so ya far wa Kartaj, sai Finikiyawa suka ƙi, suka ce ba za su yaƙi 'ya'yansu ba, shi kuwa dole ya haƙura, tun da ba shi da wasu jiragen da za su isa aikin.

Wanda ya sauya kamannin wurin har abada shi ne Iskandar na Makidoniya. A farkon 332 K.M. ya nemi a bar shi ya shiga tsibirin ya yi yanka a ɗakin Melƙart. Mutanen Sur suka gane cewa amincewa da haka daidai yake da mubaya'a, suka ƙi. Sai ya sa aka rushe tsohon garin da ke kan tudu, aka riƙa zuba duwatsunsa cikin teku ana kafa turaku, ana gina hanya zuwa ganuwar tsibirin. Mutanen birnin suka cika wani jirgi da itace da ƙaro suka cinna masa wuta, suka ƙone hasumiyoyin da ke kan hanyar. Iskandar ya sake ginawa ya ƙara mata faɗi. Abin da ya yanke hukunci shi ne sauran biranen Finikiya, watau Saida da Jubail da Arwad, sun koma bayansa da jirage kimanin 80, sarakunan Kubrus suka ƙara 120. Bayan wata bakwai aka fasa ganuwa daga gefen teku. Ariyan, marubucin tarihin yaƙe-yaƙen Iskandar, ya ce an kashe mutum 8,000, aka sayar da 30,000 bayi. Hanyar da aka gina kuwa ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa, shekara da shekaru yana taruwa, har ta zama faffaɗar ƙasa. A kanta ne unguwannin da mai ziyara ya ratsa suke zaune.

Bayan Iskandar

Sur ta sake tashi. Ta shiga ƙarƙashin Rumawa a 64 K.M., ta ci gaba da rini da sana'ar gilashi, ta kuma fitar da masana irin su Ulfiyan, ɗaya daga cikin manyan malaman shari'ar Rum, da Forfiri masanin falsafa, waɗanda da Latinanci da Girkanci suka yi rubutunsu. Kayan wannan zamani ne mai ziyara ke gani. A wurin da ake kira al-Bass akwai doguwar hanya shimfiɗe da duwatsu, da maƙabarta mai ɗaruruwan akwatunan gawa na dutse, da wata babbar ƙofa mai bakan-gizo ta ƙarni na 2 Miladiyya, da filin tseren keken doki mai tsawon mita 480, wanda yana cikin mafi girma da suka rage na Rumawa. Akwai kuma ragowar magudanar da ke kawo ruwa daga maɓuɓɓugan Ra'sul Aini, 'yan kilomitoci kudu da garin. A tsohon tsibirin kuma akwai titi mai ginshiƙai da ya gangara har bakin teku.

Musulmi sun ci garin a ƙarni na 7, ya zama ɗaya daga cikin sansanonin jiragen yaƙi na Banu Umayya. Matafiyin nan Bafarishe, Nasir Khusrau, ya ziyarce shi a 1047 ya iske benaye masu hawa biyar da shida da kasuwanni cike da kaya. Mayaƙan Salibi sun ƙwace shi a 1124 da taimakon jiragen Benis. Ibn Jubair na Andalus ya sauka a 1184, ya siffanta matsayar jiragen da sarƙar da ake ja tsakanin hasumiyoyi biyu a rufe bakinta. Salahuddin ya yi masa ƙawanya a 1187 bai ci nasara ba. A 1291 Mamalik na Masar suka karɓe shi suka rushe ganuwarsa don kada Turawa su dawo su sami mafaka. Daga nan ya zama kufai. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Maundrell, da ya bi ta wurin a 1697, 'yan masunta ƙalilan ya tarar suna fakewa cikin kangaye. Aka riƙa ɗibar duwatsunsa a jirgi ana gini da su a Akka da Bairut, har aka sake raya garin a ƙarni na 18.

Ernest Renan na Faransa ya yi tono a 1860 da 1861, Maurice Chehab na hukumar kayan tarihi ta Labanon ya ɗora daga 1947. Birnin Finikiyawa kansa yana binne ƙarƙashin na Rumawa da gidajen mutanen yau, wani sashe kuma teku ta ci. Sai daga 1997 ne María Eugenia Aubet ta Sifen ta tono wata maƙabartar Finikiyawa a al-Bass, inda aka sami tukwane ɗauke da tokar gawa da 'yan duwatsu masu sunayen mamata.

Baƙaƙe 22

Finikiyawa sun gaji rubutun baƙaƙe daga Kan'aniyawan da suka gabace su, suka daidaita shi ya tsaya a baƙi 22, ana rubutawa daga dama zuwa hagu, ba wasula. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalansa yana jikin akwatin gawar Ahiram, sarkin Jubail, na wajen 1000 K.M., wanda aka tono a 1923. Rubutun Masar da na Babila suna da alamu ɗaruruwa, sai wanda ya shekara da shekaru a makaranta ke iya su. Baƙi 22 kuwa ko ɗan kasuwa ya koya cikin 'yan makonni ya riƙe lissafinsa da kansa.

Daga nan rubutun ya rabu gida biyu. Girkawa suka karɓa wajen ƙarni na 8 K.M., suka mai da wasu baƙaƙen da ba su bukata wasula. Hirodotas ya shaida cewa baƙaƙen Finikiyawa ake kiransu. Daga Girkawa ya isa Italiya ya zama na Latin, shi ne boko. Ta gabas kuwa Aramiyawa suka ɗauka, daga gare su Nabatawa, daga na Nabatawa aka sami na Larabci, shi ne tushen ajami. Har yau akwai shaida a bakin masu ilmin hisabi: jerin abajada, watau alif, ba, jim, dal, shi ne jerin Finikiyawa na alf, bet, gaml, dalt, shi ne kuma alfa, beta, gamma, delta na Girkawa.

Ina Littattafan?

Mutanen Sur sun yi rubutu, sun kuma ajiye. Yusufus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1 Miladiyya, ya yaba yadda hukumar birnin ke adana kundayenta, har ya ce wasiƙun Hiram da Annabi Sulaimanu suna nan a ajiye a zamaninsa. Wani Bagirke, Menanda na Afisa, ya fassara tarihin sarakunan Sur daga waɗannan kundaye. Asalin ya ɓace, fassarar ma ta ɓace, sai 'yan sassan da Yusufus ya kwafa don ya kafa hujja a kan tsufan al'ummarsa. Da su ne ake san jerin sarakunan da ƙawanyar shekara 13.

Dalilan ɓacewar uku ne. Na farko, a kan takardar fafirus ta Masar suke rubutu, ita kuwa ba ta jure raɓar bakin teku. Na biyu, yaƙi. Da Rumawa suka ƙone Kartaj a 146 K.M., sun raba ɗakunan karatunta ga sarakunan Afirka ta Arewa, littattafai 28 na Mago a kan noma kaɗai majalisarsu ta sa a fassara, su ma sai guntaye suka rage. A tonon da masana Jamusawa suka yi a Kartaj an sami dubban 'yan dunƙulen yumɓu masu hatimi, waɗanda aka liƙe takardu da su: wutar da ta cinye takardun ita ta gasa hatiman suka daɗe. Na uku, kuma mafi muni, masu ilmin birnin sun koma Girkanci, harshen iyayensu ya rasa masu kwafa, littafin da ba a kwafa shi kuwa ya mutu ko ba wuta. Sai a 1758 Barthélemy na Faransa ya warware karatun baƙaƙen, da taimakon wani rubutu mai harshe biyu da aka samu a Malta, wanda wasu 'yan'uwa biyu mutanen Sur suka sadaukar ga Melƙart.

Sakamakon haka, abokan gasa da abokan gaba ne suka ba da labarin Finikiyawa. Mawaƙan Girka sun siffanta su da wayo da satar mutane, Rumawa suka mai da alkawarin Bakartaje karin maganar yaudara, Assuriyawa kuma suka fi mai da hankali ga rubuta yawan abin da suka karɓa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ta Sur kuwa ba a ji ta daga bakin mai ita ba.

Kammalawa

In aka lura da ɗan abin da ya tsira, za a ga duk abin da ya bar gida ne: wasiƙar da aka aika Masar, tarihin da aka fassara aka kwafa, dutsen da aka kafa a Malta. Abin da aka kulle a ɗaki ɗaya, kwafi ɗaya, cikin harshen da manyan gari suka daina karantawa, shi ne ya salwanta, duk da kulawar da Yusufus ya yaba. Wannan abin lura ne ga ɗalibin tarihi da kuma duk ma'aikacin da aka danƙa wa fayil da rajista.

Haɗarin kuma bai ƙare ba. An wawashe kaburburan Sur a lokacin yaƙin basasar Labanon na 1975 zuwa 1990. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1984, a watan Nuwamba na 2024 kuma, sa'ad da jiragen yaƙin Isra'ila ke jefa bama-bamai a garin, ta sa shi cikin wurare 34 na Labanon da aka ba ƙarin kariya. Matsayar jirage ta kudu ta daɗe da shafewa. Ta arewa, mai fuskantar Saida, ta rage 'yar ƙarama, kwale-kwalen masunta ne ke kwana a cikinta.